Yadda Ake Kai Mara Lafiya Wurin Likitan Tiyatar Jijiyoyin Jini a Kumasi

A zangunan Kumasi, daga Aboabo da Asawase har zuwa Sawaba, akwai tsoro guda da yake hana mutane kai mai ciwon ƙafa babban asibiti, wato cewa da zarar an shiga Gee, kamar yadda jama'a ke kiran Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, to ƙafar ta tafi ke nan. Gaskiya ne ana yankewa, amma sau da yawa ƙafar da aka yanke ta riga ta mutu tun a gida, a cikin makonnin da aka kwashe ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Likitan tiyatar jijiyoyin jini babban aikinsa shi ne ya mayar da jini inda ya daina kaiwa domin a tsira da gaɓar, kuma nasararsa ta rataya ne a kan lokacin da aka kawo masa mara lafiya.

Wannan likita yana kula da jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki da kuma waɗanda ke mayar da shi, ban da na cikin zuciyar kanta da na cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke da nasu ƙwararru. Yana duba tsoho mai ciwon suga, da mai jego, da mai wankin ƙoda, da yaron da ya faɗo daga katanga. Irinsu ba su da yawa a Ghana, kuma a manyan asibitocin koyarwa ake samun aikinsu, kamar Komfo Anokye da ke Bantama, da Korle Bu na Akra wanda aka buɗe a 1923, inda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji ta ƙasa a 1989. Saboda haka abu na farko da ya kamata iyali su iya shi ne bambance ciwon da ake lissafa shi da sa'o'i daga wanda zai iya jiran ranar ganin likita.

Abin da ba ya jiran wayewar gari

Idan mutum yana zaune lafiya sai kwatsam ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya ya ɗauki azababben ciwo, ya yi sanyi ƙalau idan an gwada da ɗan'uwansa, tafin ya koɗe ko ya yi toka-toka, sannan mijirya ta biyo baya har yatsu suka ƙi motsi, to mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe babbar jijiya, abin da ya fi samun masu bugun zuciya marar tsari. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kimanin sa'o'i 6 ba tare da ta fara mutuwa ba. Kada a gasa ƙafar da ruwan zafi, kada a ɗora ta a kan matashi, kada a murza ta da man zafi, kuma kada a ba mara lafiyar abinci ko abin sha, domin ana iya shiga da shi ɗakin tiyata kai tsaye. A lulluɓe ƙafar da zane mara nauyi, a duba agogo a riƙe lokacin da ciwon ya fara, a kira 112 ko a ɗauki duk motar da ta samu zuwa sashen gaggawa na Komfo Anokye, inda irin wannan lalura ba ta jiran takardar turawa. Idan an zo da wuri, aikin ba shi da girman da ake zato: ana ɗan tsaga matsematsi, a zura siririn bututu mai ƙaramin balan-balan a kansa, irin wanda Ba'amurke Thomas Fogarty ya fito da shi a 1963, a hura shi bayan ya wuce gudan jinin, a jawo su tare.

Zubar jini daga rauni shi ne na biyu, kuma masu aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, da mahauta da masu tuƙa firagiya, wato keke mai ƙafa uku, sun fi kowa saninsa. Idan jini yana tsartuwa, a ninke ƙyalle mai tsabta a danna a kan raunin da duk ƙarfin hannu, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, idan ya jiƙe a ƙara wani a kansa. Ƙasa da fetur da man birki da garin magani ba sa tsayar da jinin babbar jijiya, aikin likita kawai suke ƙarawa. Idan ƙarfe ko wuƙa na cikin raunin, a bar shi a inda yake. Idan dannawa ta gaza kuma raunin a hannu ne ko a ƙafa, a ɗaura faffaɗan ƙyalle kamar ɗankwali a saman raunin, wato ta ɓangaren jiki, a sa itace a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kuma kada a kwance sai a hannun likita.

Na uku ya fi yaudara. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi nauyi da ɗumi, sha-raɓa yana ciwo, ga mai jego a cikin makonni 6 na farko bayan haihuwa, ko ga wanda ya sauko daga doguwar tafiyar bas daga Bawku ko Kano, ko wanda ya daɗe a kwance. Al'adarmu ita ce tausa da gashi, kuma a nan su ne haɗarin, domin jini ne ya daskare a jijiyar can ciki, kuma gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. A kai shi asibiti a ranar. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ko aka yi tarin jini, to a ruga.

Akwai wasu biyu da za a ambata a taƙaice. Wanda bakinsa ya karkace ko harshensa ya yi nauyi ko hannunsa ya saki na 'yan mintoci sannan ya warware, gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ya samu, kuma wani lokaci tushensa ƙuncin jijiyar wuya ne da ake iya gyarawa. Dattijo mai shan taba da ake jin wani abu yana bugawa da ƙarfi a saman cibiyarsa yana buƙatar hoton ciki, domin babbar jijiyar ciki, wadda faɗinta bai cika wuce santimita 2 ba, tana iya buɗewa, kuma idan ta kai wajen santimita 5.5 ana ba da shawarar gyara kafin ta fashe.

Yaro da mai ɗori

Wannan shi ne inda ake asarar hannayen yara ba gaira ba dalili. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya dafa ƙasa da tafin hannu, sai ƙashi ya karye dab da saman gwiwar hannu. Babbar jijiyar da ke ciyar da hannun ta gaban wannan ƙashi take wucewa, saboda haka karyayyen ƙashin yana iya danne ta ko ya ji mata rauni. Idan aka kai wa mai ɗori ya ja, ya jera kara ya ɗaure tamau da tsumma, kumburin da ke tasowa a kwana ɗaya ko biyu na farko ba ya samun wurin faɗaɗa, sai ya matse jijiyoyin daga ciki har jini ya daina ratsa tsokar.

Alamomin a fili suke ga mai lura. Yaron yana kukan da farasitamol ba ya kwantar da shi, yana ƙwalla ƙara idan aka miƙe masa yatsu a hankali, yatsun sun kumbura sun yi sanyi, wani lokaci fata ta yi bororo a gefen ɗaurin. Uwa za ta iya gwaji guda da kanta: ta danna farcen yaron har ya yi fari, ta saki, jan ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan bai dawo ba, ko kukan ya ƙi tsayawa, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti a daren, ba a jira mai ɗori ya zo dubiya da safe. Wannan hukunci ya hau kan simintin asibiti ma, domin shi ma yana iya matsewa. Idan an isa da wuri, likita zai daidaita ƙashin, ya duba ko bugun jini ya dawo, idan ya cancanta ya tsaga fatar dantse domin matsin ya sauka ko ya gyara jijiyar. Idan an makara, hannun yakan ƙandare yatsu su lanƙwashe har abada, lalurar da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881, ko kuma ya ruɓe gaba ɗaya.

Ba raina masu ɗori ake yi ba, domin akwai masu gado da suka san ƙashi, amma hannu ba ya ganin jijiya. A ganina duk karayar da ta faru kusa da gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa, a fara da hoto da gwajin bugun jini, kuma kakar da ta ce a bari a gani zuwa gobe a ba ta haƙuri cikin ladabi a wuce. Jijiyar yaro siririya ce, tana saurin tsukewa, kuma jikin da take ciki yana girma, shi ya sa likita ya fi son ya yi faci da wata jijiyar yaron kansa maimakon ta roba, kuma shi ya sa zai ce a riƙa dawo da shi tsawon shekaru domin a tabbatar gaɓar tana tsawo daidai da 'yar'uwarta.

Ciwon da ke zuwa a hankali

A ce Baba ya saba zuwa masallacin Juma'a a ƙafa, sai aka lura yana tsayawa a wuri guda kullum, wajen mai sayar da koko ɗin nan ta kan kwana, yana riƙe sha-raɓa, bayan 'yan mintoci ya ci gaba. Wannan ciwo da ke zuwa bayan tafiya mai tsawo iri ɗaya kuma ya lafa da tsayawa, alamar ƙuncin jijiya ce, ba tsufa kawai ba. Idan ya kai ga yatsu suna zogi da dare har sai ya sauko da ƙafar daga gado ya sami sauƙi, ko wani yatsa ya yi baƙi, ko gyambo ya yi mako 2 bai nuna alamar warkewa ba, to an shiga mataki mai haɗari kuma ganin likita ya zama na cikin kwanaki. Taba, ciwon suga, hawan jini da yawan kitse a jini su ne manyan musabbabai, kuma shisha ma taba ce.

Mai ciwon suga yana da ƙarin matsala, domin sau da yawa ƙafarsa ta daina jin zafi, sai ƙusa ta shige shi ko takalmi ya ci shi bai sani ba. Dole wani a gidan ya ɗauki nauyin duba masa ƙafa kullum da hasken rana: tafi, diddige, da tsakanin yatsu. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsun da ƙyalle, a shafa mai a kan faso musamman da hunturu amma ban da tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a sa, a daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kuma maniyyaci ya san cewa daɓen Makka da Madina da rana yana ƙona tafin da ba ya ji. Kada mai yankan farce na yawo ko wanzami ya kusanci wannan ƙafa da aska, kuma ba a yi mata ƙaho ko sakiya. Hajiya kuma ta haƙura da lalle idan ƙafar tana da matsala, domin a fatarmu tafi da farce ne wuraren da ake ganin canjin launi, lalle kuwa yana rufe su duka.

Jijiyoyin da suka kumbura suka murɗe a ƙwauri, waɗanda masu tsayuwar yini a kasuwar Kejetia suka sani, ba su cika zama gaggawa ba, sai idan fatar idon sawu ta fara baƙi da ƙaiƙayi ko gyambo ya ɓalle. Safa mai matsewa tana taimakawa, amma kada a saya a kemis a sa wa tsoho ko mai ciwon suga kafin a auna isar jini ƙafar. Idan ɗaya daga cikin jijiyoyin ta fashe, mutum ya kwanta, a ɗaga ƙafar sama, a danna wurin.

Shirin zuwa da abin da za a tarar

Ga abin da ba gaggawa ba, a fara da asibitin da ke kusa, kamar na Manhyia ko Tafo ko Suntreso, a karɓi takardar turawa. A tabbatar katin inshorar lafiya yana aiki, ana sabunta shi ta waya da *929#, sannan a tambaya tun farko wane gwaji ne inshorar ta ɗauka da wanda za a biya, domin iyali su san abin da za su haɗa. A zuba duk magungunan da mara lafiya ke sha a leda guda da kwalayensu, har da na gargajiya da na kemis, a haɗa da tsofaffin hotuna da sakamakon gwaji. Idan dattijon ba ya jin Turanci ko Tuwi sosai, a tafi da wanda ke ji kuma yake zaune tare da shi, ba ɗan da ya zo daga tafiya jiya ba.

Likita zai tambaya, "Baba, tafiyar minti nawa kake yi kafin ciwon ya tsayar da kai?" Amsar "da sauƙi, alhamdu lillahi" ladabi ce, amma ba ta taimaka masa. Ɗan rakiya ya sa baki ya ce, "Likita, bara yana kaiwa masallaci bai tsaya ba, yanzu sau biyu yake hutawa, kuma da dare a kujera yake barci." Za a tuɓe takalma da safa na ƙafafun biyu, likita ya taɓa bugun jini a matsematsi, bayan gwiwa, bayan idon sawu da saman ƙafa, sannan ya ɗora wata 'yar na'ura mai suna dofla da ke fitar da sautin gudun jini. Zai auna ƙarfin jini a idon sawu ya raba da na hannu: sakamako daga 1.0 zuwa 1.4 lafiya ne, 0.9 zuwa ƙasa yana nuna ƙunci, abin da ya haura 1.4 kuma yana nufin jijiyar ta yi tauri, kamar yadda ake gani ga masu suga, sai a nemi wani gwajin. Idan za a yi hoton siti-sikan mai allurar rini, za a fara duba ƙoda, kuma mai shan maganin suga na metfomin ya faɗa.

Mutane da yawa ba sa kaiwa ga wuƙa. Ana sa su barin taba gaba ɗaya, a ba su asfirin ko makamancinsa da maganin rage kitse, a daidaita suga da hawan jini, a kuma umarce su da tafiya ta kimanin minti 30 sau 3 a mako na tsawon wata 3, suna tafiya har ciwon ya zo, su huta, su ci gaba, domin hakan yana ƙara nisan da ƙafar ke iya ɗauka. Idan wannan bai wadatar ba, ana iya buɗe ƙuncin daga ciki da balan-balan a bar ƙaramar raga ta riƙe wurin, ko kuma a cire doguwar jijiyar da ke ƙarƙashin fatar ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye toshewar, kamar yadda direban tiroto, wato bas ɗin haya, ke ratsa lungu idan cunkoso ya tare babban titi. Kafin a sa hannu a takarda, a tambayi me zai faru idan ba a yi aikin ba, wane haɗari ke cikinsa, kwana nawa za a yi a kwance, da kuma ko akwai wata hanyar. Idan likita ya ce sai an cire yatsa, a tambayi dalili sosai, amma kada a gudu da mara lafiya gida da dare, domin ruɓa tana hawa, kuma wanda ya ƙi ba da yatsa yau yana iya ba da ƙafa har gwiwa nan da mako biyu, ko gubar ta shiga jini.

Tabon jini a jikin jariri

Wani jan tsiro yakan bayyana a fatar jariri cikin makonnin farko, ya yi saurin girma a watanni 5 na farko, sannan ya fara ja da baya bayan shekara guda ya riƙa dusashewa a hankali. Yawancinsu ba sa buƙatar komai sai sa ido, kuma ɗaukar hotonsa da waya duk mako 2 tare da tsabar kuɗi a gefe yana nuna wa likita saurin girmansa. Wanda ke kusa da ido, hanci, leɓe, maƙogwaro ko matuci, ko wanda ya fara gyambo, a kai shi da wuri, domin tun 2008 da likitoci a birnin Bordo na Faransa suka gano amfanin maganin furofanolol a kansa, ana iya tsayar da shi da maganin sha ƙarƙashin kulawar asibiti. Akwai kuma tarin jijiyoyin da aka haifi yaro da su a harhaɗe, masu laushi da duhun launi, waɗanda ke girma tare da shi kuma ba sa ɓacewa; su ana yi musu allurar da ke tsuke su, sau da yawa fiye da zama ɗaya. Ko wanne ne, kada a bari a tsaga shi ko a ƙona shi a gida. Iyayen masu sikila kuma, a nan Kumasi inda aka fara yi wa jarirai gwajin sikila tun 1995 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, su ɗauki ko ƙaramin ƙurji a idon sawun matashi da muhimmanci.

Kafin aiki da bayansa

A bi umarnin hana ci daidai yadda aka faɗa. Abin da aka saba shi ne sa'o'i 6 ga abinci, 4 ga nonon uwa, 2 ga ruwa zalla, kuma tausayin da zai sa a ɓoye a ba yaro koko da asuba yana iya sa a ɗage aikin ko abincin ya koma huhu. Bayan an dawo gida, a riƙa gwada ɗumin ƙafafun biyu da bayan hannu safe da yamma, a duba ɗinkin matsematsi ko yana ja ko tsatsar ruwa, kuma idan tsohon ciwon ya dawo kwatsam a koma a ranar.

Wanda aka ɗora a kan maganin hana daskarewar jini yakan sha shi aƙalla wata 3, kuma ba ya dainawa don kumburi ya saɓe. Mai shan wafarin yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, inda galibi ake son sakamakon gwajin ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ba a hana shi kontomire ko ayoyo ko zogale ba, amma ya riƙa cin su gwargwado iri ɗaya, ya guji maganin ciwo na diklofinak da jiƙe-jiƙe, kuma mace ta sanar da likita da zarar ta yi ɓatan wata. Mai niyyar azumi ya tattauna lokutan shan magani tun cikin Sha'aban.

Mai ciwon ƙoda da aka haɗa wa jijiyoyi biyu a hannu domin wankin jini zai jira kimanin mako 6 zuwa 8 kafin hanyar ta nuna. Wannan hannu ba a auna hawan jini a kansa, ba a ɗibar jini ko sa ruwa ta cikinsa, ba a ɗaura masa agogo ko warwaro, kuma ba a kwanciya a kansa. Kowace safiya ya ɗora yatsu a wurin ya ji 'yar kaɗawar da jini ke yi a ƙarƙashin fata, idan ya wayi gari bai ji ta ba ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ranar wankinsa.